Kwanonin Hajiya Barkisu

Duk wanda ya taɓa cin abincin suna ko na aure a layinmu na Zongo, girkin Hajiya Barkisu ya ci, ko ya sani ko bai sani ba. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, don haka hayaƙinta nake shaƙa, da faɗanta kuma nake karyawa kowace safiya. Gajeriyar mace ce mai murya irin ta masu kiran fasinja a tasha. Ko yabonka take yi, sai ka tsaya kana tunanin laifin da ka yi mata.

Ba abin da ta tsana kamar robar tekawe, farar nan da ake cin abinci a ciki a yar. Tana da dalilinta. A kwatar ƙofar gidanta robobin unguwa ke taruwa, kuma wata damina sai da kwatar ta toshe, ruwa ya shiga har ɗakin girkinta ya jiƙa mata shinkafa. Tun daga ranar ta rantse a kwanon silba mai murfi abincinta zai riƙa fita, a ci, a wanke, a dawo da shi.

Ci dai ana ci. Dawowar ce aiki. Kowane biki sai kwanoni sun yi ɓatan dabo. Ta shafa musu jan farce, ya kankare. Ta sa mai fenti ya rubuta harafin farko na sunanta a gindinsu, sai ga shi rabin Zongo sun tuna cewa sunan kakarsu da wannan harafin ya fara. Har ta kai in ta karɓi aikin biki kwanonin ba sa isa. Ranar nan ta leƙo ta katanga, murya ƙasa-ƙasa, abin da ban saba ji ba, ta ce min in aka ci gaba haka dole ta koma roba. Wallahi ta ba ni tausayi.

Ana haka sai ga Fadilatu, ɗiyar ƙanwarta, wadda ke aiki a wani babban sito na lemo a unguwar Oforikrom. Ta zo da wasu 'yan abubuwa kamar maɓallin riga, da wata na'ura mai kama da tocila.

"Mma, irinsu muke manna wa akwatunan kwalabe," in ji Fadilatu. "Kowanne da lambarsa a ciki. In kin danna nan, na'urar za ta ji shi ko yana bayan labule, ta yi ƙara. Ruwan wanke-wanke ba ya ɓata shi koraa, ko kaɗan."

"Yana cin batir?"

"Shi ba ya ci, Mma."

"To ya fi mutanen unguwar nan," in ji Hajiya. "Manna."

Aka manna wa kowane kwano a gindi. Fadilatu ta koya mata abin da ake yi: a haska kwanonin in za su fita, a haska in sun dawo, na'urar ta faɗi nawa suka rage a waje. Nan ya kamata a tsaya. Amma Hajiya Barkisu ba ta san tsayawa ba. Bayan wani babban suna sai ta yafa mayafi, ta jefa na'urar a jaka, ta ce za ta gaishe-gaishe, ta ja ni rakiya.

Ban taɓa ganin gaisuwa irin wannan ba. Mu yi sallama, a shimfiɗa tabarma, tana cikin "ya yara, ya mai gidan" sai ta zura hannu a jaka, sai ka ji ɗit-ɗit. A wani gida kaji ne ke shan ruwa a kwanonta. A wani gidan amarya ta jera shi cikin kayan ɗakinta yana ta ƙyalli. Har unguwar Sofoline muka je garejin Brimah makanike, muka tarar ya cika ɗaya da notuna da baƙin mai.

"Ei, Hajia, ni na ɗauka kyauta ne!" in ji Brimah.

"Tuwon ne kyauta, ɗan nema. Juye."

Kafin la'asar labari ya zaga. Muna tafe ana fitowa da kwanoni tun kafin mu yi sallama, wasu ma ba nata ba ne. Ita kuwa sai taku take kamar wadda ta ci zaɓe.

Gidan ƙarshe ba don kwano muka shiga ba. Mma Nasiba ce, tsohuwa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa, ƙafa kuma ta hana ta tallan kokon da take yi da. Hajiya ba ta taɓa girki ba ta aika mata ba, sai dai a cikin tulin kwanonin biki ba ta taɓa lura da wanda bai dawo daga can ba. Muna zaune a ɗakinta ana hira, Hajiya ta zura hannu a jaka za ta ciro goro, yatsanta ya sauka kan na'urar. Ƙara ta tashi, ta ƙi tsayawa.

Mma Nasiba ba ta ce a kashe ba. Ta sunkuya da ƙyar ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado. Kwanoni ne a jere, an wanke su tas, an lulluɓe da zane mai tsabta.

A Zongo, kwanon biki daban, kwanon maƙwabci daban. In maƙwabci ya aiko maka abinci, ba ka mayar masa da kwano wofi. Ko gyaɗa ce, ko ƙosai biyu, sai ka saka. Mu yaran yanzu mun fara sakaci da wannan, amma Mma Nasiba a kai ta girma.

"Barkisu, ban ci miki kwano ba," ta ce. "Kullum ina cewa gobe zan samu abin sakawa. Da me zan mayar miki?"

Kunya ta kama Hajiya, ni ma ta kama ni. Ta kashe na'urar ta tura can ƙasan jaka. Can ta miƙe ta fita tsakar gida. A bakin ƙofa akwai wani ɗan barkono da tsohuwar ta shuka a gwangwanin madara. Ta tsinko 'ya'yansa, ta dawo ta damƙa wa Mma Nasiba.

"Saka min ɗaya-ɗaya da hannunki, Mma. Na kasuwa duk ruwa ne, ba yaji. Dama ina neman wanda zai riƙa ba ni na gida."

Tsohuwar ta buɗe murafen ta saka barkonon ɗaya-ɗaya.

Har yau Hajiya Barkisu ba ta koma roba ba. Kwanoninta suna dawowa, na'urar kuma ta zauna a ɗakin girki inda Fadilatu ta ce a ajiye ta tun farko. Kwatar ma ta ɗan samu sauƙi, ko da yake Hajiya na nan tana yi wa masu wucewa wa'azi a kanta. Kwanon Mma Nasiba kuwa shi ke riga kowa dawowa, da barkono ɗaya a ciki. Hajiya takan ɗaga shi ta katanga ta nuna min, tana mita wai ya cika yaji, sannan ta jefa shi a miyar da za ta ci da bakinta.