Amsoshin da Suka Maƙale a Lafiya

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Lafiya daga Abuja, ni da abokin aikina, kuma tun daga Nyanya muke musu. Mu biyu ne ke kula da wani babban dandalin intanet na masu gyaran kwamfuta, inda mai matsala ke tambaya, mai sani ya ba da amsa. Shekara huɗu wani mutumin Lafiya ne ke warware mana duk abin da ya gagari kowa. Tun da muka yi wa shafin kwaskwarima wata biyu da suka wuce, ya yi ɗif. Tambayoyi suka taru, jama'a suka fara watsewa. Abokina ya kafe wai wani dandalin ne ya saye shi, har yana kiransa butulu. Na ce gani ya kori ji.

Ramukan hanyar Keffi sun jijjiga mu yadda ya kamata. A Akwanga muka tsaya cin gasasshiyar doya da manja. Mai doyar na kallon takalmin abokina mai sheƙi ta ninka masa farashi, ni kuwa na ƙi sa baki. Daga Nasarawa Eggon muka bi bayan motocin doya har cikin gari.

Ɗan acaɓa ya kai mu shagon mutumin a bayan kasuwa. Dattijo ne ɗan ƙabilar Tibi, zaune tsakiyar matattun kwamfutoci. Bai yi mana ƙorafi ba.

"Oga, ku zo ku gani da idonku," ya ce, ya ja mu zuwa wani kafe na intanet.

Ya sayi tikitin awa ɗaya ya buɗe shafinmu. A samansa akwai hoton duniya mai jujjuyawa da abokina ya ɗora, wanda a ofishinmu yake fitowa kafin ƙiftawar ido. A nan minti ashirin muka yi muna gumi, rabinsa kawai ya leƙo. Sannan dattijon ya fara rubuta amsa da yatsu biyu, doguwa, daki-daki. Yana danna aikawa, shafin ya ce lokacinsa ya ƙare, ya sake shiga. Rubutun ya bi iska. Wannan dokar ta korar mutum bayan minti goma ni na saka ta da hannuna, ina taƙama wai tsaro ne.

"Kullum haka yake yi mini," in ji shi. "Wannan duniya naku, shi ne yana cinye awa na. Abeg, ni ba yaro ba ne."

Ya zaro littafin rubutu irin na 'yan firamare. Duk tambayar da ya samu ya karanta a wata biyun nan, ga amsarta da biro, shafi bayan shafi.

Raina ya ɓaci. Muna zaune cikin sanyin ofis muna tafa wa kanmu, mun rufe wa bawan Allah ƙofa, mun kuma juyo muna zaginsa! Abokina ya buɗe baki wai ai laifin layin intanet ɗinsu ne. Wallahi saura kaɗan in bar shi a Lafiya ya nemi motar doya.

Na roƙi aron littafin in buga amsoshin da kaina. Dattijon ya rufe shi ya mayar aljihu.

"Ka gyara naka, Oga. Ni zan tura nawa."

Da la'asar muka iso gida. Kafin magariba na sauke duniyar nan, na soke dokata. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu sai da muka je Lafiya aka nuna mana namu. Na yi wa kaina alkawari, ba zan ƙara gyara komai ba sai na gwada shi a layin da ke rarrafe.

Kwana uku ina leƙa shafin. Ran na huɗu amsa ta shigo, doguwa, a ƙasanta ya ƙara layi guda: "Oga, ya buɗe. Wannan shafi ɗaya ne, littafin yana da tsawo."