Saliha da Iyakokin Gonakin Baba Andrawus

Shekara goma sha ɗaya Saliha ta yi tana buga wa mutane takardu a wani shago kusa da tasha a Birnin Gwari. Da matafiya suka ɗauke ƙafa saboda 'yan bindiga, ciniki ya mutu, mai shagon ya tattara ya koma Kaduna. Ya bar mata matattun kwamfutoci huɗu, ya ce ta ba 'yan gwangwan. Ita kuwa ta sa aka turo mata su a baro har gida, ta jera su a rumfar da take ajiye turmi.

Mijinta Idrisu ya tsaya ya ƙare musu kallo.

"Saliha, ɓeraye kawai wannan tarkacen zai tara mana."

"Malam, ai ba mutuwa suka yi gaba ɗaya ba," in ji ta. "Kowace da ciwonta."

Babu wanda ya koya mata gyara, sai abin da idonta ya ɗauka in mai gyara ya zo shago. Kullum ta sauke tukunyar rana sai ta shimfiɗa tabarma, ta kwance guda da sukudireba da tsinin wuƙa, tana zuba kusoshin a murfin kwano. Da gashin kaza take share ƙura. A cikin ɗaya har gidan zanzaro ta tarar. Ta ciro fanka daga wannan, ta ɗauko faifan ajiya daga waccan, ta jira ranar da aka kawo wuta ta gwada. Sau ɗaya wuta ta fizge ta, ba ta gaya wa kowa ba. Sai a wata na biyar guda ɗaya ta yi ƙara, allon ya kawo haske. Saliha ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a tsakar gida.

Guɗar ce ta jawo Baba Andrawus, tsohon da ke zaune wurin 'yarsa a maƙwabta. Daga wani ƙauye bayan Damari ya taso, shekara uku ke nan da mutanensu suka watse. Ya zauna bakin rumfa ya daɗe yana kallon allon.

"'Yata, wannan abin yana riƙe magana?"

"Yana riƙewa, Baba."

"To ki rubuta min. Daji ya cinye gonakinmu. In Allah ya sa an koma, yara ba su san iyaka ba, faɗa za su yi. Ni kaɗai na rage wanda ya sani."

Haka suka fara. In an kawo wuta sai ta ƙwanƙwasa katanga, ya dogaro sandarsa ya shigo. Ya lumshe ido yana faɗa tana bugawa: gonar Matiyu daga ɗorawa mai rassa biyu zuwa bakin rafi, ta Malam Sabo daga tsohuwar rijiya zuwa suri. Wani lokaci ya tsaya a kan sunan wanda aka kashe, ita ma ta ɗauke hannu har ya ci gaba.

Sun kai gona ta arba'in kwamfutar ta ƙi tashi. Kwana uku tana fama, tsohon yana leƙowa yana komawa. A rana ta huɗu ta zare wani siririn ƙarfe da ake cewa ram, ta goge bakinsa da abin goge fensir, ta mayar. Kwamfutar ta tashi, ba abin da ya ɓata.

Da suka gama, Idrisu da kansa ya kai aikin aka buga a takarda, shafi tara. Labari ya bazu, mutanen ƙauyen suka riƙa zuwa, Musulmi da Kirista, ana karanta musu. Wata gwauruwa, Dinah, ta ce Baba ya rage mata kadada guda, tsamiyar da ya sa a iyaka cikin gonarta take. Ya yi gardama, ya yi tunani, can ya ce gaskiyarta. Saliha ta gyara.

Baba Andrawus ya rasu da damina, bai sake ganin ƙauyen ba. Har yanzu ba a koma ba. Amma 'yarsa ta raba takardun gida-gida, kuma duk wanda ya tuna wata bishiya ko kwazazzabo da aka manta, gidan Saliha yake nufa ya zauna ya jira a kawo wuta.