Ranar Da Na Zauna Bisa Igiya

Abubuwa da yawa sun shige mini tun da na fara manyanta, amma ranar da na zauna bisa igiya cikin rairayi mai zafi, ina rigima da ɗan cikina, ba za ta fita raina ba har a rufe ni. Ni ko mace ce mai son gida. Kasuwar Gecheme da ke kusa da mu ma sai in daɗe ban taka ta ba, aike nake yi. To ku duba abin da ya fid da ni har bayan gari ba takalmi.

Shekarar nan mai gidana ya tafi cin rani, ya bar mini yara da goɗiya guda. Goɗiyar ba tamu ba ce. Ta abokinshi ce, wani Bafillace da ya yi kudu da shanu, ya bar ta amana hannunmu. Ni ke ba ta harawa, ni ke kai mata ruwa, har ta san takuna.

Ana nan sai ƙanen mai gidana ya dawo daga garin Dutsi da tele, wato talabijin, da ɗan faifan nan mai ɗaukar wutar rana, da tsofaffin finafinan Caina, na masu dogon gashi da ke faɗa kamar dabbobi. Wannan ya lanƙwashe hannu kamar maciji, wancan ya duƙa kamar biri. Bayan azahar zaurenmu ya cika da samari. Ban ɓoye muku ba, ni ma ina leƙawa, ina dariyar tsohon da ke tsalle bisa rufin ɗaki.

Wata rana ina sussuka sai na ji sun ɗauki sowa, suna ta maido wuri guda na fim ɗin baya. Abin da ya tsai da hannuna haniniya ce. Ubana ya yi kiwon doki, na san muryarsu. Wannan haniniyar ingarma ce da ya hangi goɗiya, lafiyayye, cikinshi cike. Da na leƙa, me zan gani? Mahayi ya sukwano, maƙiya sun ja igiya, doki ya kife da ka, wuyanshi ya naɗe ƙarƙashin jikinshi. Dokin da ya faɗi haka ba ya haniniya, nishi yake yi. Na taɓa jin nishin nan ina ƙarama, ranar da dokinmu ya zurma ramin gafiya, kuma bai kwana ba. Nan na gane muryar wani dokin anka ɗora don a rufe ta gaskiya.

Na ce musu, "Dokin ga ya mutu."

Ƙanen mijin nawa ya bushe da dariya. "Matar yaya, montaj ne, haɗin masu fim. Mutanen da anka kashe duka tashi sukai su ci shinkafa."

Na koma bakin turmina, amma kunnena na zaure. Kwanakin da sunka biyo ina tsintar maganganu: za su yi nasu fim da waya, ana son igiyar rijiya, ana son wuri mai rairayi. Ban haɗa zancen ba sai ranar da na fito da ruwa na tarar da turke babu goɗiya, igiyar gugana ma babu. Na aje bokitin nan na bi sawun kofato.

Na same su cikin wani fili mai rairayi bayan gonaki. Sun binne igiyar cikin rairayi, samari biyu sun laɓe bayan sabara, kowa riƙe da bakinta guda. Ƙanen mijina na tsaye da waya. Can nesa ga ɗana na fari bisa goɗiya, ya ɗaure kai da jan ƙyalle, yana riƙe da takobin kara. Na tona da ƙafa har na ji igiyar, na gyara zane na zauna a kanta.

"Inna, ki tashi," in ji ɗan nawa daga can. "Sau guda ɗai za mu yi."

Na ce, "Sukwano. Ni za ka taka."

Ƙanen uban nashi ya matso, ya fara da wasan da munka saba. "Haba matata, rairayi ne, kamar katifa. Mi za ya same ta?"

"Kana da fim ɗin cikin wayar ga?"

"Ina da shi."

"To gwada mani inda dokin ya tashi. In na ga ya miƙe da ƙafafunshi huɗu, ni da kaina zan ja maku igiyar."

Ya tsuguna gefena, samarin sunka kewaye mu. Doki ya faɗi. Mahayi ya mirgina, ya tashi, ya kama faɗa. Munka bi shi har ya gama da maƙiya ya tafi a ƙasa. Anka maido baya, anka sake. Ba wanda ya ƙara ganin dokin.

"Yankewa sunka yi," in ji shi.

"Don mi sunka yanke?"

Duk da haka bai haƙura ba. Ya ce na ba shi kunya gaban abokai, ya ce mace ba ta shiga sha'anin maza, ya ce sai ya gaya wa yayanshi. Na ce ya gaya mashi, ya kuma shirya abin da za ya faɗa wa mai goɗiya ranar da ya dawo ya tarar da turke wayam. Rairayin nan na gasa ni ta cikin zane, ƙafafuna sun yi ja, ƙishirwa ta kama ni, amma na ƙudurta ko rana za ta faɗi a nan za ta bar ni. Samarin sunka fara sulalewa ɗaya ɗaya. Daga ƙarshe ɗana ya sauko, ya jawo goɗiyar, ya miƙo mini linzami bai dube ni ba. Na naɗe igiyata na rataya a kafaɗa, na ja goɗiyar munka koma gida.

Yaron ya yi kwanaki yana fushi da tuwona. Cikin gari kuma anka dinga tsokanata, wai wadda ta hana a yi fim. Ban damu ba. Da damina ta kama Bafillacen ya dawo, ya tsuguna ya shafa ƙafafun goɗiyarshi ɗaya bayan ɗaya, ya shafa wuyanta, ya yi godiya ya hau. Ban gaya mashi komai ba.

Har yau in jikokina sun kunna irin finafinan nan ina zama in kalla, amma in doki ya faɗi, shi nake bi da ido, ba jarumin ba. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, wanda ya shiga wasa da sonshi yana iya cewa ya isa, dabba kuwa ba a tambaye ta ba, kuma ba ta da bakin ƙi. In an ba ka amanarta, kai ne za ka ƙi mata, ko da ɗan cikinka ne a gabanka.