Matar da Ta Ji Daka a Shekarar Yunwa

A gidanmu na Aujara ba a saurin kashe wutar tuwo idan an yi girbi. Iya, mahaifiyar babanmu, takan ja tabarmarta kusa da murhu, ta tura karan dawa ciki, ta binne gyaɗa a toka. Mu jikoki sai mu kewaye ta, wasu don tatsuniya, yawancinmu don gyaɗar. Ni Uwar Tambaya take kirana, don ban taɓa barin labari ya kai ƙarshe lafiya ba. In ta gyara zama sai ta ce, "Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ta wuce shi."

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta matar da ta ji daka a shekarar yunwa. An yi fari, rumbuna sun ƙare, kowane gida an kifa turmi. Sai wata mata ta riƙa jin taɓarya daga nesa da hantsi, tim, tim, ba ta sauri ba ta jinkiri. Duk 'yar ƙauye ta san inda ake daka akwai hatsi. Ta bi sautin ita kaɗai, iska ta yi ta wasa da hankalinta, ta dawo da ƙaya a ƙafa. Mijinta ya ce yunwa ce ke kaɗa mata ganga a kunne.

Sai ta aika wa ƙanwarta da ke aure a gabas da ƙawarta da ke kudu, ta ce kowacce ta tsaya a ƙofar gidanta ta saurara, ta kwantar da taɓarya tana nuna inda sautin ke fitowa. Su ma suka ji dakan, kowacce ta bi bakin taɓaryarta, suka haɗu a gindin wani dutse, inda wata tsohuwar aljana ke dakan gero ba mai taya ta. Suka taya ta lugude, ta cika musu ƙore.

Na tambayi Iya, da sauran biyun ba su ji komai ba fa? Ta harare ni ta ce, "Da sai ta san kunnenta ne, ta huta da yawo. Ci gyaɗarki."

Iya ta rasu ina sakandare, ba ta ga irin aikin da tambaya ta kai ni ba. Ina nazarin wasu taurari da suka ƙone suka dunƙule, suna juyi kamar katantanwa. Duk juyi ɗaya sai su watso siginar rediyo, daidai kamar bugun agogo. Wani ƙaton faranti a kudancin Afirka ke ɗauko siginar, ni kuma in zauna a garin Dutse da kwamfuta da ɗalibaina muna tsince ta kamar tsakuwa a shinkafa.

A cikin wannan tsintar na ci karo da wani bugu mai rauni da ba wanda ya taɓa rubutawa. Shekaru na yi a kansa. Matsalar ita ce waya ko injin wani can a ƙasa ma kan yi irin wannan bugun, kuma in haka ne, aikina da na yaran da suka bi ni duk ya tashi a banza. Na tura wa wata abokiyar aiki a Ostireliya da wani dattijon masani a Indiya, na roƙe su su juya farantansu wajen, kowa ya saurara daga inda yake.

Jiran nan bai yi mini daɗi ba. Umma, mahaifiyata, wadda ke zaune tare da ni a unguwar Takur, ta gaji da mayar da kwanona a rufe. A lokacin ne amsar Iya ta daina ba ni haushi. Da ina ganin kore ni kawai ta yi. Ashe nufinta, kowace amsa suka kawo hutu ce, wahalar tana wurin mai yawo ita kaɗai ba ta san gaskiyar kunnenta ba.

Saƙon Ostireliya ya fara zuwa, na Indiya ya biyo baya wata la'asar. Dukansu sun ji bugun, a wuri ɗaya, da tazara ɗaya. Daga baya aka buga sakamakon da sunayenmu duka, har da na ɗalibaina, kuma yanzu masu bincike a ƙasashen da ban taɓa takawa ba suna aune-aunensu da tauraron. Amma ran nan zama kawai na yi daɓas a tsakar gida ina hamdala, hawaye na zuba.

Umma ta leƙo daga kicin, ta ce, "Sun ji?"

"Sun ji, Umma."

Ta koma ta ɗumama tuwon rana, na cinye tas, na miƙa mata kwanon ta ƙaro.