Ranar da Maazou Bai Nemi Ragi Ba

Duk Bahaushen da ya zauna a Greensboro ta Amurka ya san Maazou. Wanda bai san fuskarsa ba ya san kujerarsa, don da wuya ka shiga gidan ɗayanmu ba ka zauna kan abin da ya sayar ba. Mutumin Damagaram ne, dogo, siriri, mai magana a hankali kamar ana cajinsa kuɗin kowace kalma. Ni kuwa Bakano ne, kuma Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Ranar da muka fara haɗuwa a masallaci ya sanar da ni cewa ni bawansa ne, na sanar da shi cewa bai isa ba, shi ke nan muka zama aminai.

Ya iso ƙasar nan a ƙarshen shekarun casa'in. A Nijar in an ce dala, sefa biyar ake nufi. To da aka ce masa hayar ɗaki dala ɗari biyu ce a wata, sai ya yi lissafin gida, ya ga jika guda ce kacal, wato sefa dubu, ya ce a kama masa ɗaki biyu, ɗaya na baƙi. Da aka yi masa bayanin dalar Amurka bai ci abinci ba ranar. Ina jin tun daga nan ya rantse ba wani farashi da zai sake shammatarsa.

Ya yi 'yan shekaru a masana'antar safa, sannan ya gano sana'arsa. A nan in mai gida ya rasu, ko iyali za su tashi, sai su buɗe ƙofa ranar Asabar su yi gwanjon kayan gidan, daga gado har cokali. Maazou yakan bi irin waɗannan gidaje da tsohuwar motarsa mai akori, ya saya, ya gyara, ya sayar mana da wasu, sauran ya cika kwantena ya tura Damagaram ta Kwatano.

Makaminsa a ciniki ɗaya ne: tafiya. Zai taya, a ƙi, ya yi godiya, ya juya ya nufi mota a hankali, kunnuwansa a baya. Kafin ya taɓa murfin motar an kira shi. Har suna muka sa mata, tafiyar Maazou. Ya taɓa yi wa likitan haƙori ita da auduga a baki. Matarsa Mounira ta daina zuwa kanti da shi tun ranar da ya taya madara.

A shekarar 2006, lokacin da ya rage masa 'yan makonni ya je intabiyun zama ɗan ƙasa, ya kira ni wata Asabar da azahar.

"Husaini, kana ina?"

"Ina gida. Damagarawa sun koyi sallama ne ko har yanzu?"

"Ka zo sito yanzu. Kar ka gaya wa kowa. Kar ma ka gaya wa kanka."

Na same shi tsaye a wajen siton da yake ajiye kaya, ya ba ƙofa tazara kamar akwai maciji a ciki. Da safen nan ya sayo wata ƙatuwar durowa ta katako a wani gida a Irving Park, unguwar masu hali. Da ya zare akwatin ƙasa don ya goge, sai ya ga wani abu a naɗe cikin tsohon tawul. Libarba ce, ƙaramar bindigar nan mai tulu a tsakiya da ke juyawa da harsashi. Baƙa, mai mariƙin katako, sai warin mai take yi.

"Bon," in ji Maazou da Faransancinsu na Nijar. "Shekara takwas ban taɓa ko tsallake jar danja ba. Yanzu saura ƙiris a ba ni takarda, ga bindiga a sitona. In aka kama ni da ita, ba Amurka ba, gidan kaso zan zama ɗan ƙasarsa."

Inda ya fito, farar hula da bindiga ba sa haɗuwa sai a labarin da ya ƙare a hannun jandarma, jami'an tsaron can. Na ce masa mai girin kad irinsa, wato katin izinin zama, doka ba ta hana shi ba. Ya ce dokar da Bakano ya faɗa ba doka ba ce. Na ce mu kai wa 'yan sanda. Ya ce mutum ya ɗauki bindiga da ƙafarsa ya kai caji ofis, wa zai kawo masa abinci? Na ce to mu jefa a tafki.

Nan ya tsaya kai da fata. "A'a. Durowa na saya, ban sayi abin cikinta ba. Kayan mutane ne."

Ɗan mamacin da ya yi gwanjon, wani Bature mai suna Simeon, ya bar masa lambar waya. Muka kira. Mutumin har ya kama hanyar komawa gidansa a jihar Virginia. Ya ce kai, ta mahaifinsa ce, sun neme ta har sun gaji. Amma ba a jefa irinta a gidan waya, kuma ba a miƙa wa mutumin wata jiha hannu da hannu. Sai dai a kai wa dila mai lasisi a nan, ya aika wa wani dilan a can, a biya kuɗin taransfa.

Maazou ya toshe bakin wayar. "Taransfa kuma? Ni zan tura masa kuɗi ko shi zai turo? Ta wane layi?"

"Ba irin wadda kake yi wa 'yan uwanka duk ƙarshen wata ba ce, Alhaji. Bindigar za a yi wa canjin wurin aiki."

Simeon ya ƙara da cewa in dilan ya ba da farashi mai kyau, a sayar kawai, kowa ya huta. "Na ga yadda ka yi da ni kan durowar nan," in ji shi. "Na yarda da idonka."

Ranar Litinin muka buga wa wani shagon bindigogi da ke hanyar Sedgefield. Mai shagon ya ce kar mu taɓa ta, mu kulle ta a but ɗin mota, in mun iso mu shigo mu kira shi. Da akwatin durowar gaba ɗaya muka ɗauka, mutum biyu, kamar masu ɗaukar ƙwai. Maazou ya tuƙa motata, don tasa ba ta da but. Tafiyar da ya yi, da mai keke zai wuce mu. Yana ba da sigina tun kwanar ba ta san da zuwanmu ba.

"Alhaji, taka motar nan. In ɗan sanda ya ga wannan ladabin, dole ya tsayar da mu ya ji laifin da muka yi."

"Rufe mini baki, bawa. Salati nake."

Dilan, kuma sunan ya dace da shi ta kowace fuska, wani jibgege ne mai gemu da tabarau a goshi. Ya fito, ya buɗe tawul ɗin, ya ɓalle tulun bindigar gefe, ya karkata ta. Harsashi biyar suka zubo a tafin hannunsa. Maazou ya nemi bampa ya zauna. Ashe da cikinta ta sha gargada a bayan akori daga Irving Park har sito.

A cikin shago dilan ya haska tocila a bututun, ya juya tulun yana saurare, ya nuna mana inda baƙin fentin ya koɗe da wani ɗan tsatsa kusa da mariƙi. Ya ce tsohuwa ce, irinta sun yi yawa a kasuwa. Dala ɗari da arba'in.

Na tabbata a ranar ko dala biyar aka ce, Maazou zai karɓa ya ƙara da godiya. Amma na ga idonsa ya sauka kan gilashin kanta. Shi bai san komai game da bindiga ba, amma ya san 'yar takardar farashi. Can a layi na biyu ga ƙanwar tamu, kama ɗaya, har ta fi tamu koɗewa, an rataya mata ɗari uku da ashirin da biyar.

"Albarka," in ji Maazou, da Hausa.

Dilan ya dube ni. "Me ya ce?"

Na fassara masa kalmar yadda take. Mutumin ya ji daɗi, ya ce shi ma Allah Ya yi masa albarka, ya jawo akwatin kuɗi.

"Kai Bakano, me ka ce masa? Gaya masa albarkar kasuwa ce!"

Na yi wa dilan bayani cewa a wurinmu in mai kaya ya sa maka albarka, to bai sallama ba, ka ƙara. Ya ce bai taɓa jin an ƙi shi da addu'a ba. Ya ce shago sai ya ci riba, ga haya, ga wata shida da za ta iya yi a gilashi. Maazou ya ce ya san riba, shi ma da ita yake ci, amma wannan ba riba ba ce, gado ne. Dilan ya ce ɗari da sittin, ƙarshe.

Sai jikin Maazou ya yi abin da ya saba. Ya yi godiya, ya juya, ya nufi ƙofa a hankali, kunnuwa a baya.

"Malam!" in ji dilan. "Ka manta bindigarka."

Maazou ya daskare, hannu a kan ƙofa. A duk rayuwarsa shi ne mai saye, in ya tafi kayan na nan wurin mai su. Yau in zai tafi, sai dai ya tafi da ita, ta koma but, ta koma sito, ta raka shi har ranar intabiyu. In kuma ya dawo da kansa, an gane ba shi da inda za shi. Ya tsaya nan, bai fita ba, bai shigo ba, gumi na bin wuyan rigarsa. Dilan kuwa ya ɗauka taurin kai ne irin na gwanaye.

"To, ɗari biyu."

Maazou bai juyo ba. Ni na san ba dabara ba ce, ƙafar ce ta ƙi motsi.

"Ɗari biyu da ashirin, kuma wallahi ko ubana ne ba zan ƙara ba." Ban ce da wallahi ya faɗa ba, amma fuskarsa ta faɗa.

Maazou ya dawo kamar wanda aka ciro daga rijiya, ya kira Simeon don ya yi masa albishir. Simeon ya yi godiya sosai, sannan ya ce ai ya yi magana da mahaifiyarsa jiya. Ashe bindigar ta kakansa ce tun asali, tsohuwar har da hawaye. Kar a sayar. A aiko kawai, zai mayar da duk abin da aka kashe.

Duk wannan gumi ya tafi a banza. Dilan ya ɗaga kafaɗa, ya ce ladan shago na taransfa dala talatin, kuɗin aikawa ashirin da biyar, dilan Virginia kuma zai karɓi nasa a can. Na jawo kujera na zauna, don na san talatin ɗin nan za ta ci mana awa guda.

Maazou ya yi tambaya ɗaya. "In na biya, daga yanzu a hannun wa take?"

"A hannuna. Ta shiga ƙarƙashin lasisina, in ba ka rasit."

Ya zaro hamsin da biyar ya ajiye a kan kanta. Ko tari bai yi ba. A waje ya jingina da mota ya yi ajiyar zuciyar da ta kusa kwance masa wando, ya ce alhamdulillahi har ban san adadi ba. Da muka kama hanya sai da na roƙe shi ya rage gudu.

Ranar intabiyu ya tafi da rasit ɗin a aljihun gaba. Ba wanda ya tambaye shi. Launin tuta suka tambaya da sunan shugaban ƙasa na farko. Bayan ya yi rantsuwa Mounira ta dafa dambun zogale, muka taru a gidansu, kowa a kan kujerar da ke jiran kwantena. Na ce masa yanzu da ya zama cikakken Ba'amurke sai mu koma shagon nan ya zaɓi tasa. Ya ce ko bindigar ruwa aka kawo wa yaransa, mayarwa zai yi.

Ya ci loma biyu, ya ajiye cokali.

"Husaini, talatin ɗin nan fa. Da na ɗan nufi ƙofa, da ashirin zai karɓa."