Faifan da ke cikin kwallar Goggo Asta

Lukmanu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, kuma tun muna yara duk abin da ya taɓa sai ya yi albarka, ni kuwa in tsaya ina kallo. Sana'armu ɗaya, ɗaukar hoto da bidiyo a biki da suna, shagunanmu na fuskantar juna a bayan babbar kasuwar Garwa. Kyamarata ta fi tasa, hannuna ya fi nasa, wannan ko shi bai musa ba. Amma layin mutane a ƙofarsa yake, abin yana ci mini rai.

Yana da wata ɗabi'a da na daɗe ina yi wa dariya. Duk abin da ya shiga kwamfutarsa sai ya kwafe shi a faifai biyu. Ɗaya a shago, ɗayan kuma ran Lahadi ya hau mota ya kai wa mahaifiyarsa, Goggo Asta, a Pitowa. Ita kuma ta naɗe shi a tsohon ɗankwali ta jefa cikin kwalla, ta ba shi na makon jiya ya dawo da shi. Nakan ce masa, “Taubashi, ka gaida mini injiniyar Pitowa.” Murmushi kawai yake yi, wanda ya fi zagi ciwo.

Ni ma ina ajiya, kar a ɗauka sakarai ne ni. Na buɗe wani wuri a cikin kwamfutata, na raɗa masa suna “Ajiya”, komai mai muhimmanci ina kwafe shi can. A ciki har da bidiyon sunan 'yata Habiba, inda Baba ya zauna da hularsa a karkace yana koya wa mahauta 'yan'uwansa fiɗar rago, yana dariya. Shi kaɗai ne bidiyonsa da muke da shi, don bai kai damina ba ya rasu.

Cikin zafin bazarar bana aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ta yi ƙauri ta mutu. Na kai wa Blaise mai gyara. Ya buɗe, ya kasa kunne, ya girgiza kai.

“Patron, diskin ya ƙone. Ina sobgad ɗinka, wato ajiyar da ka kwafa?”

“Tana ciki mana.”

“Cikin wanne?”

Na nuna masa wanda ke hannunsa. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa.

Inna mahaifiyata kuwa duk Juma'a sai ta ce in kunna mata Malam, wato Baba, ta ji muryarsa. Na yi ta kame-kame har maganar ta kai kunnen Lukmanu. Ashe ranar sunan na ba shi katin kyamarata ya wanke mini hotuna, shi kuma ya kwafe komai kamar yadda ya saba. Ya duba faifan shago bai samu ba. Bai jira Lahadi ba, ya tafi Pitowa ya dawo da faifan yana ƙamshin turaren Goggo.

Muryar Baba ta cika ɗakin Inna. Ta yi kuka, ta kama hannun Lukmanu ta riƙe gam.

“Allah ya yi maka albarka, ɗana. Kai ka dawo mini da shi.”

Ina tsaye a bakin ƙofa. Ni na riƙe kyamarar ranar nan, har inuwata tana cikin bidiyon. Na ji daɗi, wallahi na ji, amma kishi ya hana ni cewa amin.