Baffa Iro da Sugan da Ba Shi da Shi

Duk wanda ya taɓa cin abinci kwano ɗaya da Baffa Iro a Ajingi ya san abin da ke biyo bayan loma ta ƙarshe. Kowa ya wanke hannu ya ce alhamdu lillahi, shi kuwa ya zura hannu aljihu ya zaro 'yar na'urar gwada suga, ya soki yatsa, ya ɗiga jini, ya ƙura mata ido. Can sai ka ji, "Ya hau!" Haka yake faɗa kullum, har yaran unguwa suka daina kiransa da sunansa, sai Baffa Ya-Hau.

Ni ce Hajara, 'yar ƙaninsa. Tun da matarsa Inna Asabe ta rasu nake kai masa abinci, saboda haka ni na fi kowa shan wuyar wannan na'ura. Ta Inna ce. Ita ce mai ciwon suga na gaske, ba a gano ba sai da ya ci mata ƙafa. Ranar sadakar bakwai aka ce a ba wani mai ciwon na'urar, Baffa ya ce a bar masa. Da daddare ya share tuwon dawa malmala biyu, ko kwanon ba a ɗauke ba ya gwada kansa, ya ga lamba ta yi sama. Shi ke nan, mun shiga uku!

Na ja shi asibiti a Gaya da sassafe, bai ci komai ba kamar yadda aka ce. Likitar, wata mace mai haƙuri, ta gwada shi, ta sa aka yi masa har gwajin da ke nuna yadda sugan mutum yake a watannin baya. Ta ce, "Baba, ba ka da ciwon suga. Kowane mai lafiya idan ya ci abinci sugansa yana hawa, jiki ya yi aikinsa, ya sauko da kansa. In za ka gwada, ka jira kamar awa biyu."

Baffa ya gyara hula ya ce, "'Yar nan, ɓarawo ya shiga ɗakina, ki ce in jira awa biyu ya fita, sannan in leƙa in ce ba kowa?"

Likita ta yi dariya, ni ma na yi. Wallahi da na san inda maganar za ta kai mu, da ban yi ba.

Mako na zagayowa ya ce mu koma, zai kama ɓarawon a gaban shaidu. Ya sayi fura da nono a bakin tasha, ya sa aka zuba suga, ya ɗura kwanon nan kaf a ƙofar ɗakin likita, mutanen da ke layi suna kallonsa. Ya ɗan zauna, ya shiga ya miƙa yatsa. Lamba ta hau. Ya dube ni yana murmushi kamar wanda ya ci shari'a. Likita ta ce to ya zauna a benci, kar ya motsa. Bayan azahar ta sake gwadawa, ya sauko daidai. Ta nuna masa da idonsa.

"Ka gani, Baba?"

"Na gani. Ya san nan asibiti ne, ya ɓuya. Bari mu koma gida ki ga aiki."

Haba Baffa! A mota har Ajingi ban yi masa magana ba.

Da azumi kuwa abin ya fita daga gida ya shiga masallaci. Kun tuna? Ana buɗa baki da dabino da kunun tsamiya da ƙosai, a yi magariba, kafin mutane su nemi takalmansu Baffa ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofa da na'urarsa, kowa da sabuwar allura, don a wannan kam ba ya wasa. Ya gwada mai shayi, ya hau. Ya gwada Ardo, tsohon Bafulatanin nan da ke zuwa a ƙafa daga ruga, wanda bai taɓa kwanciya ciwo ba, ya hau. Ya gwada Liman ma, ya dube shi da tausayi ya ce, "Allah gafarta Malam, sai haƙuri." Labari ya riga Liman isa gida. Uwargidansa ta kulle gwangwanin suga a akwati, ta koma dama masa kunu salam. Kwana kaɗan sai ga Liman a ƙofar gidanmu yana roƙon babana ya ja wa yayansa kunne, wai ya hana shi shan kunu a cikin gidansa.

Ni kuwa na ga dama ta samu. Na ce, "Baffa, ka gwada sahu guda, kowa nasa ya hau. Ba ka ganin haka Allah ya halicci jikin ɗan Adam?"

Har na ɗauka na ci nasara. Sai ya girgiza kai ya ce, "Innalillahi. Ashe garin ne gaba ɗaya ya kamu."

Ku yi dariya, ai abin dariya ne. Amma ni daga nan dariyar ta fara fita raina, domin duk abincin da ya ci ya ga lamba ta hau, ya sallame shi ke nan har abada. Tuwo ya fara tafiya. Shinkafa ta bi, fura ta bi, ɗanwake, dankali, har rogon da yake so. Mutumin da ke noma gyada da dawa da hannunsa ya koma cin dafaffen zogale da rama ba ƙuli, ya kora da ruwan shuwaka. In ya gwada ya ga lambar ba ta motsa ba, sai ya ɗaga mini na'urar yana murna, "Kin gani? Na kama shi!" Yana faɗa yana riƙe da wando da ɗaya hannun, don mazagin ya daina riƙe ƙugunsa.

Na yi faɗa, na yi kuka, na kawo masa babana da Liman da ƙanwarsa daga Balan. Wata rana raina ya ɓaci na ɗauke na'urar na cusa a rumbu. Baffa ya ture kwano ya ce ba zai ci abin da ba zai iya gwadawa ba. Ya wuni, ya kwana, ya sake wuni a haka. Ni da kaina na shiga rumbun na ɗauko na miƙa masa.

Na ce, "Baffa, kashe kanka za ka yi? An ce maka lafiyarka ƙalau!"

Ya ce, "Asabe ma haka muka riƙa cewa, Hajara. Ni nake sayo mata alewa daga kasuwa."

Na ɗauki kwanona na fita.

Lokacin cirar gyada ya faɗi a gona. Aka kai shi Gaya a a-daidaita. Likita ta ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, jikin ba abin da ya rage masa na faɗa da ciwo, ga zazzaɓi ya same shi a haka. Sugan kuwa, wanda ya bar komai saboda shi, daidai yake. Aka yi abin da za a iya, ya matsa sai an mai da shi ɗakinsa.

Ranar Laraba da hantsi ina zaune kusa da shi ya buɗe ido ya ce, "Hajara."

"Na'am, Baffa."

"Yunwa nake ji."

Rabon da in ji wannan magana a bakinsa har na manta. Na ce me zai ci? Ya ce kunun gyada. Sai ya ƙara da cewa, "Ki sa suga."

Ban tsaya neman takalmi ba. Na hura wuta, na dama gyada na tace, ina yi ina dariya ni kaɗai kamar mahaukaciya, ina cewa yau Baffa ya dawo. Na zuba suga cokali cike, na ƙara wani. Na riƙo kofin da gefen zanena saboda zafi, na ɗaga labule, sai na ga babana durƙushe yana ja masa mayafi har fuska.

Har yau ban san wanda ya karɓi kofin daga hannuna ba.

Allah ya jiƙan Baffa Iro, ya gafarta masa, ya sada shi da Inna Asabe cikin rahama. Ya Allah, da yunwa bawanka ya zo maka. Ka ciyar da shi, ya ci ya ƙoshi ba tare da tsoro ba. Amin.